Datong da Sandar Kifin Turawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Daɗin Kowa a Jos ya san Datong, don ko bai neme shi ba Datong zai nemo shi. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya shekara talatin da biyar yana buga hatimi a kan takardu, kuma tun da ya yi ritaya babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba, da baki. In ana zancen mota shi makanike ne. In ana zancen ciwo saura kaɗan ya zama likita. In kuwa aka taɓo ruwa, to ku gyara zama, don kifin da ya kama yana saurayi duk shekara ƙara tsawo yake yi.

Wannan cika-bakin ne ya ci ɗansa Jeffrey da ke aiki a Turai. Bawan Allah ya ɗauka gaskiya ne, ya aiko wa uban da sandar kamun kifi irin ta can. Doguwa ce siririya, da ɗan keken naɗe zare a gindinta, da ƙugiyoyi uku da aka yi wa ado da gashin tsuntsu har suka yi kama da ƙwari. Ba a sa mata tana, ba a sa komai. Wulwula zaren ake yi a sama, a sauke ƙwaron ƙarya a kan ruwa, kifi ya zaci na gaske ne ya cafke. Datong ya kwana uku yana kallon bidiyo a waya, sannan ya fito tsakar gida ya sanar da matarsa Loyis, wadda ake kira Maman Yael da sunan 'yar farinsu, cewa kifin da ake kamawa da sandar nan sunansa tirawut, ba ya zama sai a ruwan sanyi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma da bazara ya fi cin ƙwaro.

"To ina ruwanmu da shi?" in ji Loyis.

"Maman Yael, ina ya fi Jos sanyi? Ina ya fi mu idon ruwa? Kifin nan yana nan. Rashin ilimi ne ya hana mutane ganinsa."

Da a wata shekara ce, da Loyis ta bar shi da shirmensa. Amma bana girkin Galili a kanta ya faɗo. Ranar Litinin bayan Ista matan zumunta na cocinsu kan yi fitar da ake kira Galili zuwa bayan gari, su yi waƙa, su yi addu'a, su ci abinci a gindin dutse, kuma mace ɗaya ce ke ɗaukar nauyin tukunya. Wadda ta yi shekara huɗu da suka wuce gishiri kawai ya yi mata yawa, amma har yau in ta gifta sai an taɓa juna. Loyis ta jira shekara tara kafin layi ya zo kanta. Ta shirya shinkafa da farfesun kifi na mata ashirin da shida, har ta gama magana da mai kifinta a kasuwa.

Ana saura mako guda, ranar Lahadi ana cikin sanarwa a coci, Datong ya miƙe ba wanda ya kira shi. Ya ce bana zumunta ba za ta ci kifin firji ba. Su zo da tukunya da barkono kawai, shi zai fiddo musu kifin Turawa daga ruwa a gaban idonsu. Shugabar zumunta, Mama Theodora, ta tafa, sauran suka bi ta. Loyis ta sunkuyar da kai tana kallon littafin waƙa a juye.

Aka tashi suka koma gida. Loyis ta kira mai kifi ta ce maganarsu tana nan, ya kawo mata har wurin ranar Litinin ɗin Galili.

Shi kuwa gogan ya fara atisaye a tsakar gida. Wulwulawar farko ƙwaron ƙarya ya maƙale a kan mangwaro. Na biyu ya tsallake katanga, sai ga hular maƙwabcinsa Fidelis ta taso sama tana lilo. Fidelis ya leƙo da sanƙonsa.

"Oga Datong, lafiya?"

"Atisaye nake. Da kifi ne kai, da yanzu an gama da kai."

"Da kifi ne ni, da ina cikin ruwa, ba a kan kujerata ba. Ba ni hulata."

Aka yanke ƙugiya da almakashi kafin hula ta fita. Ta uku ta shiga ɗuwawun wandon Datong, inda hannunsa ba ya kaiwa, Loyis ce ta cire ta da filaya ba tare da ta ce masa sannu ba. Kafin rana ta yi tsaka ƙwarin Turai duka uku sun ƙare.

Bai karaya ba. Ya ce ai ƙwararre shi ke ɗaura nasa ƙwaron. Ya sayo ƙugiyoyi, ya zare zaren keken ɗinkin Loyis, ya bi zakaran gidan da gudu sau uku suna zagaya rijiya. Da yamma zakara yana tsaye a lungu babu wutsiya, kaji suna wuce shi kamar ba su san shi ba, Datong kuma yana zaune da tabarau a kan hanci yana ɗaure gashi a ƙugiya. Abin da ya fito bai yi kama da ƙwaro ba, ya fi kama da abin goge kunne, amma ya jera guda takwas a jikin hularsa kamar yadda ya gani a bidiyo.

Saura wando. Turawan bidiyo suna shiga ruwa da wani wandon roba da ke haɗe da takalmi, ya hau har ƙirji. Datong ya tafi Laranto wurin Obum, mai ɗinka tamfol na manyan motoci, ya nuna masa hoto. Obum ya yanka tamfol, ya manna shi a bakin takalmin ruwa, ya sa masa igiya ta rataya a kafaɗa. Ya yi shi da faɗi, don bai saba ɗinka wa abin da ya gaza tirela ba.

"Oga, tambaya ɗaya," in ji Obum. "Ta ƙasa ruwa ba zai shiga ba, wannan na tabbatar. Amma in ya shiga ta sama, ta ina zai fita?"

"Ruwa ba ya shiga wandon ƙwararre."

"To shi ke nan. Ni dai na tambaya."

Ranar Asabar ruwan farko ya sauka, gari ya yi ƙamshin ƙasa, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito yana tashi ko'ina. A ranar ce kuma Datong ya ci karo da mai kifin Loyis a bakin titi, mutumin ya ce a gaya wa madam an ware mata manya-manya. Ran Datong ya ɓaci ƙwarai. Wato a cikin gidansa ma ba a yarda da shi ba. Ya ce wa mai kifi madam ta fasa, ya sayar wa wani. Ya dawo gida bai faɗa wa kowa ba, yana jin ya yi wa matarsa gata.

Litinin da hantsi motar coci ta sauke su a gonar Badung, wani dattijo mai noman kabeji a bayan gari. Daga gindin wani ƙaton dutse ruwa ke ɓuɓɓugowa garau, mai sanyi, ya taru ya zama tafki, daga nan Badung ke ban ruwa. Mata ashirin da shida cikin zane iri ɗaya suka sauko da tulun kiɗa da kacau-kacau. Loyis ta kafa murhu, ta ɗora shinkafa, ta ɗora babbar tukunyar farfesu da ruwa da kayan yaji. Sai ga Datong ya fito daga bayan mota cikin wandon tamfol, yana tafiya ƙafa a ware, kowane taku wandon yana ƙara kamar ana naɗe shimfiɗar shanya.

Badung ya dube shi sama da ƙasa.

"Oga, feshin magani za ka yi?"

"Tirawut zan kama, Baba."

"Shekara arba'in ina ɗiban ruwan nan. Tarwaɗa na sani, sai kwaɗi. Wannan da ka faɗa ban taɓa gamuwa da shi ba."

"Ba ya fitowa wa kowa."

Badung ya leƙa abin da ke jikin hular. "Wannan fa?"

"Shinge ne. Ana duba ƙwaron da ke tashi a lokacin, sai a ɗaura irinsa."

"Ga na gaske can cike da bokiti, jiya muka tara. Ɗebi ka sa."

"Baba, wanda ya sa ƙwaron gaske ai ya yi satar amsa."

Badung ya koma ya zauna a kan kunya, ya ce yau ba zai yi ban ruwa ba sai ya ga ƙarshen wannan abu.

Mama Theodora ta ɗaga hannu za ta ba da waƙar buɗewa, Datong ya daka mata tsawa a hankali. Ya ce tirawut yana da kunne, ko tari ya ji ya tafi ke nan. Babu waƙa, babu kiɗa. Kuma yana da ido, in ya ga inuwar mutum ba zai ci ba, saboda haka kowa ta tsuguna. Tun da aka kafa zumuntar nan ba a taɓa hana ta waƙa ba, ko a gidan makoki, amma kwaɗayin kifin Turawa ya sa suka bi. Mata ashirin da shida, wasu da jikoki, suka tsuguna a bayan dutse, gwiwoyi suna ƙara.

Datong ya shiga ruwa har cinya. Ya wulwula zare gaba, ya wulwula baya, ya yi gaba da ƙarfi. Wani abu mai launi ya wuce ta kansa ya faɗa tsakiyar tafki ya baje. Ɗankwalin Mama Theodora ne. Ta dafe kai da hannu biyu, furfurar da ta shekara goma tana ɓoyewa ta sha iska.

"Baban Yael," ta ce cikin raɗa, don an hana magana, "wannan ma cikin aikin ne?"

"Gwajin iska ne, Mama."

Aka ba ta tawul ta ɗaura. Ƙwaro na biyu ya tafi da kan kabeji ɗaya. Na uku ya naɗe a wuyan sandar ita kanta. Na huɗu dai ya sauka a ruwa, wani kwaɗo ya zo ya dube shi ya wuce. Rana ta take, shinkafa ta nuna har ta fara kamu, ruwan farfesu ya tafasa ya ƙone aka ƙara wani. Cikin wata ya yi ƙugi, Datong ya juyo ya harare ta.

Loyis ta duba hanya ta gaji, ba ta ga mai kifi ba. Ta zagaya bayan mota ta kira shi. Datong yana cikin ruwa ya hango ta tana sauraro, ya ga ta sauke wayar a hankali, ta dawo ta tsaya a bakin tafki. Ba ta yi masa faɗa ba, kallonsa kawai ta yi, idonta ya cika da ƙwalla. A shekara talatin da ɗaya na aurensu bai taɓa ganin ta yi masa irin wannan kallon ba, kuma a karon farko tsoro ya kama shi. Sai dai tsoron Datong ba ya sa shi ya daina abu, ƙara masa ƙarfi yake yi.

Ya warware zare mai yawa, ya ce yanzu za a ga jifa irin na manya. Bai lura ba Usumanu, makiyayin da ke shayar da shanunsa a ƙasan tafkin kullum, ya iso ta bayansa da garke. Zare ya yi baya ya yi baya, ƙugiya ta sauka a tozon wani farin bijimi. Bijimi ya zabura. Keken zare ya ɗauki kuka, sanda ta lanƙwashe.

"Ya ci!" in ji Datong. "Ku duba ƙarfi. Wannan ya kai kilo ashirin."

"Oga, ta baya ake ja," in ji Badung.

"Haka manyan suke yi."

"Ya fi kilo ɗari uku," in ji Usumanu yana bin bijiminsa da sanda. "Sake min sa, bawan Allah."

Datong ya turje, ya riƙe sanda da hannu biyu, ya jingina da dukan nauyinsa wajen tafki. Zare ya tsinke. Ya yi taku uku da gudu zuwa inda ruwa ya fi zurfi, ya nutse, hular ƙwari ta taso ita kaɗai. Da ya ɗago, wandon Obum ya sha ruwa ya cika ya kumbura, ya riƙe shi a cikin laka ƙyam. Ya ɗaga ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Sai kuma ya fara wani irin tsalle a tsaye, yana ihu yana dukan cinyarsa.

"Maciji. Maman Yael, maciji a wandona."

Nan dokar shiru ta ƙare. Mata suka kwance igiyar bokitin Badung suka jefa masa, mutum goma sha biyu suka kama, Mama Theodora ta ba da waƙa don a ja tare. Suka jawo shi ta cikin laka kamar buhun dankali, suka kwantar a kan ciyawa. Badung da Usumanu suka kama takalman suka ɗaga sama. Ruwa ya kwararo ta ƙirjinsa, da laka, da kwaɗi biyu, sannan wata ƙatuwar tarwaɗa mai kaurin cinyar mutum ta sulluɓo ta faɗi tana bugun ƙasa.

Wuri ya kaure da guɗa. Loyis ta dafe ƙirji ta ce, "Na gode Yesu." Tarwaɗar nan in aka yanka ta da dabara kowa za ta samu yanka guda, ba za a ce an ci farfesun ruwa ba. Ta juya da sauri ta ɗauko wuƙa.

Datong ya miƙe yana ɗigar da ruwa, ya ga ana tafi, nan take ya warke. Ya rungumo kifin.

"Tirawut ke nan," ya ce. "Na Afirka, shi ya sa ya yi baƙi."

"Har da gashin baki?" in ji Badung.

"Namiji ne. Kuma wannan dabarar ta wando ba kowa ake koya wa ba. Mama, ɗauke ni hoto."

Mama Theodora ta ɗauka. Ya juya ta ɗaya gefen ta sake ɗauka. Sannan ya gyara murya, ya ce a ƙasashen da suka ci gaba, mai kamun kifi na gaskiya ba don ciki yake yi ba. In ya kama, ya yi hoto, sai ya gode wa kifin ya mayar da shi. Haka duk Turawan bidiyon suka yi, babu wanda ya ci. Kafin kowa ya gane inda maganar ta dosa, ya durƙusa a bakin ruwa, ya sumbaci tarwaɗa a ka, ya buɗe hannu. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya ta ɓace.

Tukunya tana ta tafasa. Loyis tana tsaye da wuƙa a hannu, Usumanu ya matsa kusa da ita a hankali ya ce, "Madam, kawo in riƙe miki."

Ta ba shi. Ta cire takalmi, ta ɗaure zanen zumunta a sama da gwiwa, ta juye kwandon kabejin Badung, ta shiga ruwa. Mama Theodora ta dube ta, ta gyara tawul ɗin kanta.

"Mata, za mu bar 'yar'uwa ita kaɗai?"

Yawancinsu a ƙauye suka tashi, sun yi kamun kifi da kwando tun kafin su san hanyar Jos. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka shiga da kwanduna da ɗankwali da bokiti, suna waƙa da iya muryarsu suna dukan ruwa. Badung ya buɗe bakin kwatarsa ruwa ya ja baya. Suka kora komai zuwa lungun dutse. Datong yana bakin gaɓa yana cewa ba haka ake yi ba, za su lalata tarbiyyar kifin, babu wadda ta ko waiwaye shi. Cikin rabin awa tarwaɗa goma sha ɗaya suna kan ciyawa, babbar kuwa Loyis ce ta fito da ita da kanta, ta riƙe ta ta maƙogwaro.

Farfesun ya yi daɗi har mutane suka daina magana. Aka zuba wa Badung, aka zuba wa Usumanu bayan an cire wa bijiminsa ƙugiya. Mama Theodora ta suɗe yatsa ta ce tun da take zuwa Galili ba ta taɓa cin irin na bana ba, kuma a rubuta sunan Loyis. Datong yana gefe a kan dutse, ɗaure da zanen aro, yana bayyana wa Usumanu cewa shi ya gajiyar da kifin, shi ya sa mata suka same shi a sauƙaƙe.

Sai ga Loyis ta nufo shi da kwano. Tsakiyar babbar tarwaɗar ce, yanka mafi kyau, romo yana tururi. Ta ɗan rusuna ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baban Yael, ga naka."

Ya karɓa yana washe baki, ya dubi mata don su shaida.

"Ɗaga shi sama kaɗan," ta ce. "Mama, ɗauke shi hoto."

Ya ɗaga, aka ɗauka. Ya sa hannu zai gutsura, Loyis ta zare kwanon daga hannunsa a hankali.

"Ka gode masa," ta ce.

Ta koma ta juye shi a tukunya ta rufe.